Sawun Zaiba

Da safiyar Litinin mai ɗakin gwaje-gwaje ya buɗe kabad ɗinsa ya tarar an ɓamɓare dankon da yake liƙe bakin kwalbar zaiba da shi. Mutum ne da ko allura ba ta ɓace masa, shi ya sa ma'aikatan asibitin unguwa suke ce masa Malam Kwalba a bayan idonsa. Ya ɗora kwalbar a sikeli, ya duba, ya sauke, ya sake ɗorawa. Giram hamsin babu. Zaiba ruwan ƙarfe ce mai nauyin tsiya, giram hamsin ɗinta ba ya cika ƙaramin cokali, amma kafin azahar labari ya zagaye unguwa, kuma a bakin mutane cokalin nan ya zama bokiti.

Da ma asibitin a tafashe yake. Ranar Juma'a wata mai ciki, matar wani direba, ta zo awo tana kukan ciwon kai. Ƙaramar ungozoma ta auna jininta, ta rubuta ɗari da talatin da biyar kan tamanin da biyar, ta ce ta je ta huta. A ƙa'idar asibitin, sai awo ya kai ɗari da arba'in kan casa'in ake kwantar da mai ciki. Ranar Asabar aka dawo da matar a sume, jijjiga ta kama ta. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba, aka ciro jariri da rai, uwar ma ta farfaɗo. Sai dai direba ya tsaya a ƙofar asibiti ya rantse cewa yarinyar nan ba ta auna matarsa ba, lamba kawai ta ƙirƙira don tana saurin tashi.

Da batun zaiba ya fito, aka tuna ita ce ta yi aikin Lahadi, kuma makullan asibiti a ɗakin mai aikin Lahadi ake rataye su. Shi ke nan, aka haɗa mata biyu: maƙaryaciya kuma ɓarauniya. Likita, shugabar asibitin, ta gwada na'urar awon a gaban shaidu, ta kwatanta ta da ta lantarki da ke ofishinta, ta ce bambancin bai taka kara ya karya ba. Tunda na'ura lafiya take, laifin na mai awo ne. Aka sa ranar Laraba kwamiti ya zauna, kuma kowa ya san an riga an buga takardar kora, har da kwafin da za a aika wa hukumar da ke ba ungozomomi lasisi.

Da yamma ungozoma ta wuce shagon kawunta, idanunta sun kumbura.

Kawun nan ba ɗan sanda ba ne. Shekara talatin ya yi yana yawo asibiti-asibiti yana gyaran na'urorin awo, yanzu ya yi ritaya yana gyaran agogo don kada hannu ya mutu. Ana ce masa Diddigi saboda in abu ya ɓata a unguwa, ko magana ta ƙi daidaituwa, shi ake kira, kuma ba ya sakin sawu sai ya ga ƙafar da ta taka shi. Yana da halin da ke ba mutane haushi: kana ba shi labari da hawaye, shi yana kallon takalminka.

Ya bar ta ta gama kukanta, sannan ya tambaye ta ko ta auna matar.

"Wallahi Kawu, sau biyu na auna ta, don ban yarda da ciwon kan nan ba."

"Kin duba sifili kafin ki fara?"

"Na duba. Yana nan daidai kan baƙin layi, kamar kullum."

Ya ce mata ta je gida ta ci abinci ta goge rigar aikinta, don ranar Laraba za ta koma bakin aiki. Ta ce yaya aka yi ya sani. Ya ce shi ya raine ta, ya san ƙaryarta tun tana satar sukari, kuma wannan ba ita ba ce. Saura na'urar, ita ma ya san ta.

* * *

Washegari da sassafe ya isa ɗakin awon masu ciki. Na'urar tana kan teburi, tsohuwar aba ce a akwatin ƙarfe. In an buɗe murfi, bututun gilashi ne ke tsayawa a miƙe, da lambobi a gefensa, a gindinsa kuma akwai ɗan tulun ƙarfe inda zaiba take kwance. Ana ɗaura maɗauri a damtsen mutum, a matsa ƙwallon roba, iska ta tura zaiba ta hau bututu. Ƙarfin jini a gefe guda, nauyin zaiba a gefe guda, ba baturi ba wayo. Sharaɗinta ɗaya: kafin a fara, zaiba ta tsaya cif a kan sifili.

Diddigi ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da gindin bututun, gwiwoyinsa suka yi ƙara. A kan sifili akwai wani baƙin tabo da ya zagaye gilashin daga ciki, dattin da zaiba ta bari na shekara da shekaru tana kwana a wuri ɗaya. Ita zaibar kuwa, tana sama da tabon da layi uku.

Malam Kwalba yana tsaye a kansa, hannu a ƙugu, yana jiran a tambaye shi ya ba da shaida a kan ungozoma. Tun ranar da ta mayar masa da wani sakamakon gwaji ta ce ya sake, ba sa ga maciji da juna.

Diddigi ya ce, "Malam, sau takwas na gyara na'urar nan. Zaiba raguwa take yi, ban taɓa ganin ta haihu ba. Wannan an ƙara mata."

Malam Kwalba ya sauke hannunsa daga ƙugu.

Suka tafi ɗakin gwaje-gwaje. Can ma akwai bututun zaiba, dogo mai lanƙwasa, wanda Malam Kwalba yake ji da shi kamar ɗan fari. Ya yi bayani ba a tambaye shi ba: yakan ɗauki ɗigon jini ya sa a kwalba rufaffiya, ya zuba masa sinadari, iskar da ke narke cikin jinin ta fito ta tura zaiba, shi kuma daga tsawon da ta hau ya lissafa yawan iskar. Layi ɗaya in ya kuskure, sakamako ya lalace. Don wannan bututun yake ajiye kwalbar da aka taɓa.

Diddigi ya shigo ɗakin yana zarginsa, don duk asibitin babu wanda ya kai shi sanin zuba zaiba, ga kuma tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsa da yarinyar. Amma da ya ga yadda mutumin yake goge bututu, yana rufe ido ɗaya yana daidaita shi da fitila, sai ya cire shi daga lissafi. Wanda layi ɗaya ke hana shi barci ba zai zuba zaiba ta zarce da uku ya tafi ya bar ta ba. Wanda ya zuba a gaggauce ya zuba, kuma bai san aikin ba.

Abin da ya rage shi ne dalili. Ba a ƙara wa abu sai in ya ragu. Ya nemi littafin awo ya buɗe shafin Juma'a. Mutum goma sha tara aka auna da na'urar a ranar, masu ciki da sauran masu zuwa awon jini. Ya bi su da yatsa, yana juyawa baya yana duba awonsu na makon da ya gabata, har ya tsaya a kan wani da ya sani.

* * *

Tela ne a bakin kasuwa, mai ƙiba da surutu, wanda duk Juma'a yake zuwa a auna shi. Shekara uku jininsa bai taɓa sauka ƙasa da ɗari da sittin ba. Diddigi ya tarar da shi yana taka keke yana waƙa. Tun kafin a gama gaisawa ya ba da albishir: ya warke. Ranar Juma'a ɗari da arba'in da biyar aka samu, don haka ya jefa ƙwayoyin magani a aljihun teburi. Da aka tambaye shi sirrin, ya ce surukarsa ce ta koma gidanta ranar Laraba.

Diddigi ya fito da tasa na'urar daga jaka, ya ce ya miƙo hannu. Tela ya miƙa yana dariya. Ɗari da sittin da ɗaya.

"Taka ce ta lalace," in ji tela.

"Tawa jiya na gwada ta. Ɗauko maganinka ka sha ina kallo, surukarka ba ta da laifi."

Ya sha yana ƙunƙuni. Diddigi ya tambaye shi ko yarinyar ta auna shi da gaske ko rubutawa kawai ta yi. Tela ya ce ta auna shi mana, har ma da ta ga lambar ta yi mamaki ta sake, ta kuma ce masa kada ya bar magani, shi ne dai ya ga bai kamata mai lafiya ya yi ta haɗiyar ƙwaya ba.

To, magana ta fara fitowa. Ranar Juma'a na'urar tana cin goma sha biyar daga awon kowa, domin zaibarta ta ragu. Matar direba ɗari da hamsin kan ɗari take, ba ɗari da talatin da biyar ba. Daga baya wani ya saci ta Malam Kwalba ya cike gurbin, don in an gwada a ga na'ura lafiya. Saura a san ina ta farkon ta tafi.

A unguwa akwai masu amsa a shirye. Mai sharar asibitin tsohuwa ce, ɗanta yana haƙar gwal a wani daji, kuma kowa ya san masu haƙar gwal da maƙera suna neman zaiba ido rufe. Diddigi bai raina wannan zance ba, don ya taɓa kama irinsa. Ya same ta tana wanke bokiti a bayan ɗakin haihuwa, ya faɗa mata abin da ake cewa ba tare da kwana-kwana ba.

Ta miƙe ta goge hannu a zani. Ta ce shekara ashirin da biyu tana goge akwatin nan, da tana so ta sha zaibar ma da ta shanye tuntuni. Ta ce in yana neman abin tambaya, ya tambayi inda akwatin ya kwana ranar Alhamis, don da ta zo goge teburi bayan la'asar babu shi, sai shatinsa a cikin ƙura, da safe kuma ta tarar ya dawo. Ba ta faɗa wa kowa ba saboda ba wanda ya tambaye ta, kuma talaka ba ya kai kansa inda ba a kira shi ba.

Ya yarda da ita kashi tara cikin goma. Don kashi ɗayan da ya rage ya nufi layin maƙera.

* * *

Maƙerin gwal ɗaya ne a yankin, tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya ce ba wanda ya kawo masa zaiba, shi ma ya daina aiki da ita tun da ta sa hannun maigidansa rawa. Amma tunda an yi maganarta, in ji shi, bari ya nuna masa abin da ya ɓata masa rai a makon nan. Ya jawo aljihun teburi ya fito da zoben mace.

Saman zoben gwal ne jajir. Ɓangaren da ke kwanciya a tafin hannu kuwa ya yi fari fat, kamar an shafa masa toka.

Maƙeri ya ce shi ya ƙera shi da hannunsa shekara biyar da suka wuce. Ranar Juma'a da rana mai zoben ta zo a fusace, ta ce ya sayar mata da jabu, ga shi ya fara koɗewa, kuma a gaban mutane ta faɗa. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi ya gane. Ba abin da ke kama gwal ya mayar da shi fari haka sai zaiba. Da ya ce mata ta taɓa zaiba, sai faɗan ya mutu nan take, ta ce ya gyara kawai, ta fita ba sallama.

Diddigi ya juya zoben a haske. Farin a ciki yake, ta wajen tafi. Mai zoben tattara zaiba ta yi da hannu, kamar mai kwashe hatsin da ya zube.

"Wace ce?"

"Ai ka san ta. Likitar asibitinku, 'yar tsohon hedimasta."

Diddigi ya roƙe shi kada ya sa zoben a wuta tukuna, ya kuma zo da shi asibiti gobe da ƙarfe goma. Maƙeri ya ce ko ba a roƙe shi ba zai zo, shekara arba'in ba a taɓa ce masa mai jabu ba.

Daga nan ya biya gidan tsohon hedimasta, da hujjar duba agogon bangon da ya gyara masa bara. Tsohon ya ƙi jinin asibiti, ya kuma ƙi jinin duk na'urar da ke ƙara da kanta. Yana cikin hira ya yi alfahari da 'yarsa: ranar Alhamis ta ɗauko masa na'ura ta gaske, mai zaiba, a bayan motarta, don ya ce ba zai yarda da ta lantarki ba. Da aka buɗe akwati 'yar zaiba ta zubo, ta tattara ta mayar, ta auna shi ta ce jininsa ya yi kyau, ya rage magani. Sai kuma ranar Lahadi ta dawo hankali a tashe da ta lantarkin, ta tilasta masa, ta ce ya koma shan maganinsa yadda yake.

Diddigi yana saurare, idonsa yana ƙasa yadda ya saba. A tsagar siminti, ƙarƙashin kujerar tsohon, wasu ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli. Ya tsince su da takarda ya zuba a 'yar kwalba, ya ce a buɗe tagogi, kada a sa tsintsiya a wurin, kada jikoki su yi wasa a ɗakin. Ya fito ransa ba daɗi. Ya so a ce ɓarawo ne na gaske, don tsohon nan mutumin kirki ne, kuma gobe sai ya ji kunya.

* * *

Ranar Laraba ofishin Likita ya cika. Tana zaune a bayan teburi, takardar kora a gabanta, biro a kai. Malam Kwalba ya zo a matsayin ɗan kwamiti, direba a matsayin mai ƙara, mai shara tana bakin ƙofa, maƙeri ya samu kujera ya zauna ba wanda ya san dalilinsa. Ungozoma tana tsaye cikin gogaggiyar riga. Likita ta ce wa Diddigi, da ladabi amma a taƙaice, ta ba shi minti goma saboda girmansa.

Ya ce biyar ma sun isa. Ya sa aka kawo na'urar, ya zare murfin bututun, ya zuƙe zaiba da sirinji har giram hamsin a sikelin Malam Kwalba. Sannan ya ce kowa ya zo ya duba masa sifili. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suka leƙa daga tsaye, yadda ma'aikacin da layi ke jiransa yake leƙawa. Kowa ya ce tana kan sifili. Malam Kwalba ma haka ya ce.

"Ku durƙusa," in ji Diddigi.

Malam Kwalba ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya yi salati. Tabon ne kawai a kan sifili. Zaibar ta nutse can ƙasa, ta ɓuya a bayan ƙarfen da ya riƙe gindin bututun. Duk asibitin sun saba da baƙin layin nan har sun daina neman abin da ke bayansa.

Aka ɗauko dogon bututun ɗakin gwaji, Diddigi ya haɗa su biyun da roba ɗaya mai reshe, ya matsa iska. Da na Malam Kwalba ya nuna ɗari da hamsin, na awon jini ya tsaya a ɗari da talatin da biyar. Ya kira direba ya ce ya karanta da idonsa. Direba ya karanta, ya sake karantawa, ya juya ya kalli ungozoma, ya kasa haɗa ido da ita.

Likita ta ce wannan ya nuna na'urar za ta iya yin kuskure, amma bai nuna wa ya rage zaibar ba, kuma makullai a ɗakin ungozoma suka kwana. Diddigi ya ce gaskiya ne. Ya mayar da zaibar, ya ce ya gama da na'urar, ko Likita za ta taimaka ta rufe ta a mayar da ita ɗakinta. Ta miƙa hannu ta kama murfi za ta kifa.

"A'a Likita, karkata ta tukuna!" Mai shara ce daga bakin ƙofa, maganar ta kuɓuce mata.

Likita ta tsaya, hannu a kan murfi. Diddigi ya ce wa ungozoma ta nuna. Yarinyar ta karkata akwatin zuwa dama har zaiba ta koma tulunta kaf, ta murɗa wani ɗan makulli a gindin bututu, sannan ta rufe. Ya ce haka ake yi, a karkata, a kulle, a rufe, kuma duk wanda ya koyi aiki a kan wannan akwati hannunsa ke yi ba sai ya tuna ba. Wanda ya yi karatu a zamanin na'urar lantarki ne kaɗai zai ɗauke ta a buɗe ya sa a bayan mota, zaiba ta bi ta saman bututu ta tsiyaye.

Ya ajiye 'yar kwalbar ƙwayoyin da ya tsinto a kan teburi. Maƙeri ya tashi ya ajiye zoben kusa da ita, farin ɓangaren yana sama. Idon kowa ya koma kan hannun Likita, inda shatin zobe ya fito fili a yatsarta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ta janye hannun ta sa a ƙarƙashin teburi.

Diddigi bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗaukar na'ura don auna uba ba laifi ba ne da za a tara mutane a kai. Zubar da zaiba kuskure ne, duba tabo a ɗauka sifili ne kuwa, yanzun nan kowa ya yi shi, har 'yarsa ungozoma ma ta yi, kuma za ta sha faɗa a gida. Ko ɓalle kwalbar Malam Kwalba ranar Lahadi, tsoro yana sa mutum abin da ya fi haka.

"Abu ɗaya ne na kasa haɗiyewa, Likita. Ranar Asabar kika gane na'urar nan tana cin goma sha biyar. Ranar Lahadi kika koma gida kika sake auna mahaifinki, kika ce ya koma kan maganinsa. Mutum goma sha tara aka auna da ita ranar Juma'a. Ɗaya tana kwance a ɗakin can, ɗaya na same shi jiya ya bar magani. Saura goma sha bakwai, shida masu ciki ne. Wa kika aika ya sake auna su?"

Da Likita ta yi magana muryarta ta sauka ƙasa sosai. Ta ce in ta aika a kira su, sai an tambaye ta dalili. Ta ce kullum tana cewa gobe. Sai ta ɗauki takardar korar ta yaga gida biyu, ta ce za ta rubuta wa hukuma da hannunta, kuma sunan da zai shiga takardar nata ne.

Malam Kwalba ya share murya ya ce wa ungozoma, wato, shi ma ya yi gaggawa. A wurinsa wannan ban haƙuri ne mai tsawo. Direba kuwa ya rasa inda zai sa kansa, ya ce a ƙofar asibiti ya zage ta, a ƙofar asibiti zai tsaya ya janye.

Ungozoma ba ta jira janyewar ba. Ta riga ta jawo littafin awo tana kwafe adireshin mutum goma sha bakwai a bayan rabin takardar da aka yaga, masu cikin a sama. Ta ce wa direba in da gaske yake, ya bar ƙofar asibiti ta huta, ya tayar da mota.

Kafin su fita Diddigi ya zare bututun, ya zura masa auduga a bakin waya, ya goge tabon nan tas har gilashin ya koma garau. Ya daidaita zaiba cif a kan sifili, ya kulle, ya miƙa wa ungozoma akwatin.

Gida na huɗu da suka shiga, wata mai cikin wata takwas ce, tana zaune tana tsince wake, ƙafafunta sun kumbura, tana cewa ai ranar Juma'a an ce mata lafiya lau. Ungozoma ta ajiye akwatin a kan tabarma, ta buɗe makulli, ta durƙusa har kuncinta ya kusa taɓa ƙasa ta ga zaibar da idonta, sannan ta ɗaura maɗauri. Ɗari da hamsin da takwas kan ɗari da biyu. Ta ce wa matar ta ajiye waken ta ɗauko mayafi, mota tana waje.

Direba ya kama wa matar jaka, ya buɗe mata ƙofar gaba. Ungozoma ta ɗora littafin a gwiwarta ta rubuta lambar, a gefenta kuma, inda ake sa hannun wanda ya yi awo, ta rubuta sunanta cikakke da manyan baƙaƙe.